Shekarar da Alhaji Ya Daina Faɗa

Na gaji da maimaita labari ɗaya ga duk matar da ta shigo duba mu da kwanon fura, shi ya sa na zauna na rubuta shi. Wadda ta karanta ta isar wa 'yar'uwarta. Idan mutumin gidanku ya canja hali haka siddan, ku kai shi asibiti, ko da canjin ya yi muku daɗi. Mu namu daɗi ya yi mana, kuma saura ƙiris mu rasa shi muna murna.

Sunana Dije, a unguwar Gidan Dare muke zaune, ina haɗa humra da turaren wuta a gida ina sayarwa. Maigidana hatsi yake sayarwa a kasuwa, gero da dawa da shinkafar gida da manoma ke kawo masa daga ƙauye. Gidansu na gado yana Ƙofar Dundaye, can yayansa yake, Yaya Sidi. 'Yarmu ta fari, Nafisa, tana aure kusa da mu. Sunan maigidan ba zan faɗa ba, amma idan ka shiga layin masu hatsi ka ce Garwashi, za a nuna maka rumfarsa. A bayan idonsa ake faɗa, ka kiyaye.

Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, wannan in faɗa tsakanina da Allah. Bakinsa ya ishe shi. Gishiri ya ɗan yi yawa, faɗa. Buta ta bar inda ya ajiye ta, faɗa. Ranar da nake soya itacen turare kuwa, tun daga zaure zai fara, hayaƙi zai kashe shi, kansa zai tsage, shi mata ya aura ko murhu. Amma kuma shi ne wanda idan zazzaɓi ya kama ki zai zazzaga miki masifa don kin ƙi shiga gidan sauro, yana masifar yana neman takalminsa zai je sayo magani. Shekara ashirin da 'yan kai na yi da shi a haka. Wuyana ya saba da ƙagewa da zarar na ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida.

Shekarar da Allah ya kira shi Makka, da faɗansa ya tafi, don har a filin jirgi sai da ya yi da wani mai ɗaukar kaya. Ranar da ya dawo gida ya cika da 'yan barka da sauka. Ana cikin rabon dabino, wata maƙwabciyarmu ta juya za ta fita, ƙafarta ta ɗebi jarkar zamzam da aka buɗe, ruwan ya malale a siminti. Kowa ya juyo yana kallonsa. Ni har na rufe ido.

Ya dubi ruwan, ya dubi matar, ya ce, "Ba komi."

Yaya Sidi ya miƙe tsaye da kabbara. "Kun gani? Wanga shi na Hajji! Mutum shi tahi da hali, shi dawo da wani. Walle an karɓa."

Daga ranar maganar ta zauna. An karɓi Hajjin Garwashi. A majalisar unguwa ana ba da misali da shi, a kasuwa 'yan dako suka daina kewaye rumfarsa. Mata suna zuwa a asirce suna tambayata wace addu'a na yi, wane malami na je wurinsa. Ni kuwa na ji daɗi ƙwarai. Ina soya turarena da rana tsaka yana zaune a tabarma, hayaƙi na lulluɓe shi, ko tari ba ya yi. Na yi ƙiba, har sai da na buɗe rigunana.

Abin da ya cuce mu shi ne, duk alamar da ta fito muna da suna mai kyau da za mu sa mata. Ya fara komawa barci bayan asuba, ba ya fita kasuwa sai rana ta take, muka ce gajiyar Saudiyya ce. Watanni suka wuce gajiyar ba ta sake shi ba, muka ce ya saki duniya. Yakan zauna gindin darbejiya da carbi a hannu, amma idan kika lura carbin ba ya tafiya. Tuwo ya ƙone mini har ƙauri ya kai zaure, ya cinye tas, muka ce haƙuri. Mutumin da daga nesa yake jin warin buhun da ya sha ruwa, sai ga shi ya sayi shinkafa mai danshi ta yi hunhuna a rumfa. Da aka nuna masa ya ce haka Allah ya so, muka ce tawakkali.

Da Nafisa ta haihu, aka kawo masa jaririyar. Kowa ya san yadda kaka yake yi da jikarsa mace, ya ce ga amaryarsa ta zo, ya ce mummuna ce ba ya so, a yi ta dariya. Shi ya karɓe ta kamar an miƙa masa ƙwaryar da ba tasa ba, ya mayar. Tsofaffi suka ce kunyar 'yar fari ce ta bi har kan jika. Nafisa ta shiga ɗaki ta yi kukanta, ni na ce mata ta bar neman magana.

Ciwon kai ne kawai muka kira da sunansa. Da safe yake tashi da shi, ba ya ma faɗa sai na ga ya dafe goshi na tambaya. Muka je wani kemis a Sama Road aka auna jininsa, aka ce ya ɗan hau, aka ba mu ƙwayoyi. Ya sha, ya ci gaba da zama.

Da damina ta zo, wata safiya na fito da bokiti, bakin famfo ya yi gansakuka, santsi ya ɗebe ni. Ƙafata ta lanƙwashe a ƙarƙashina, na ji ƙas. Yana zaune a tabarmarsa, tsakaninmu bai wuce a miƙa hannu biyu ba.

"Alhaji! Ƙahwata! Na karye!"

Ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Sannu."

Na jira. Yana kallona, ido buɗe, fuska sumul, ba damuwa ba mugunta. Bai tashi ba. Da jan gindi na kai ɗaki na ɗauki waya na kira Nafisa. Lokacin da mai ɗori yake jan ƙafar ina ihu, abin da ke kaina ba ƙafar ba ce. Tsoro ne ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba duk tsawon shekarun faɗansa.

Da na fara takawa da sanda na hau Keke Napep na tafi Ƙofar Dundaye. Na gaida Yaya Sidi, na zauna daga gefen tabarma, na ce ina so a kai ƙanensa asibiti.

"Mi yas same shi?"

"Yaya, ba shi na ba. Mutumen da ag gidana ba shi na ba."

Ya yi dariya har sai da ya cire hula. "To Dije, in kin tahi mi za ki ce ma likita? Mijina ya yi hankali, a ba shi magani? Shekara nawa muna roƙon Allah shi sanyaya mai zuciya? An sanyaya, kuma kin zo da ƙara. Ku mata ba a iya maku."

Da na matsa, ya ce idan ma akwai wani abu to hannu aka sa masa, 'yan kasuwa ba su son ganin mutum ya dawo daga Makka. Ya aiko da rubutu a galan, da ƙullin hayaƙi. Ƙanwar uwarsu ta aiko da man habbatussauda a ɗiga a hanci. Wata ta ce zuma da tafarnuwa. Duk mun yi, don shi majinyacin ba ya musu, ko me kika miƙa masa zai buɗe baki. Haka muka ƙara cin makonni.

Ranar wata Juma'a ce ta raba gardama. Sun tafi masallaci tare, sai ga Yaya Sidi ya dawo da shi tun ba a watse ba, ya yafa masa babbar rigarsa. Fitsari ya kuɓuce wa Alhaji a cikin sahu, kuma bai motsa ba, bai ji kunya ba, sai da na kusa da shi ya taɓa Yaya. Wannan mutum ne da ɗigon miya idan ya taɓa masa riga sai ya canja har hula. Yaya Sidi ya tsaya a zaure bai iya kallona ba.

Ya ce, "Litinin ki shirya."

Makon farko a asibiti layi ne kawai. Layin kati, layin awo, layin ganin likita, ga zafi, ga benci ba ya isa. Ma'aikaciyar jinyar da ke rubuta ƙorafi ta tambaye ni abin da ke damunsa, na ce ya daina faɗa. Ta ajiye biro ta dube ni, ta ce in ba ta aron ciwon ta kai wa nata mijin. Ban ga laifinta ba. Aka ɗebi jini, aka duba suga, aka duba fitsari, komai ya fito lafiya. Mako na biyu likitan da ya gan mu ya ce mu je ɓangaren masu taɓin hankali. Yaya Sidi ya ce ba da shi ba, danginsu ba mahaukaci. Ni da Nafisa muka kai shi. Ina gaya wa duk mai jin kunyar wannan ƙofa, nan ne aka fara yi mana tambayar kirki.

Likitan wurin ba ɗan nan ba ne, Hausarsa ta gabas ce, yana magana a hankali kamar mai karanta labarai. Bai tambaye ni ko Alhaji yana fushi ba. Cewa ya yi, yaushe rabon da in ga ya yi dariya? Na yi ta lissafi, ban samo ba. Yaushe rabon da ya nemi wani abinci da bakinsa? Ban samo ba. Sai ya ce wa Alhaji ya rufe ido, ya shiga dube-dube a tebur yana neman abu mai ƙamshi. Na buɗe jakata na miƙa masa kwalbar humra, irin mai ƙarfin nan da amare ke saye. Ya kai masa ita hanci.

"Me ka ji, Alhaji?"

"Ba komi."

Ya sauya hanci. Ba komi. Ɗakin kuwa ya gama ɗaukar ƙamshi, har masu jira a waje suna leƙowa. Na tuna duk turaren da na soya a gabansa ina yaba haƙurinsa.

Likitan ya haska masa ido da 'yar fitila, ya daɗe yana kallo, sannan ya rubuta a yi hoton ƙwaƙwalwa, ya ce kada mu kwana biyu. Hoton nan shi ya fara cin 'yan kunnena na zinari. Da sakamako ya fito aka tura mu wurin likitan da ke aikin kai, amma likitan nan mai Hausar gabas ne ya zaunar da ni ya ɗaga hoton a jikin taga. Ko ni da ban yi boko mai nisa ba na gan shi. Wani farin dunƙule, ya kai ƙwan agwagwa, zaune a bayan goshi, daidai saman hanci. Ya ce ƙari ne, ba irin mai yaɗuwa ba, kuma ya daɗe yana girma, tun kafin a yi zancen Makka.

Na ce, "To likita, haƙurin hwa?"

Abin da ya ce ya zauna mini har yau. Ya ce, "Hajiya, haƙuri aiki ne. Mai haƙuri ransa yana ɓaci kamar na kowa, sai nan wurin," ya taɓa goshinsa, "ya tashi ya riƙe abin. Wani nasa yana da saurin riƙewa, wani sai abin ya kuɓuce masa, shi ya sa halin mutane ya bambanta. Mijinki ba riƙewa yake yi ba. Ƙarin ya danne wurin, babu abin da ke tasowa balle a riƙe. Fushi ba ya tasowa. Murna ma haka, tausayi ma haka."

Ya ce idan aka bar shi, ido ne zai bi bayan hanci, daga nan sai abin da Allah ya yi. Idan aka yi aiki, akwai hatsari, amma akwai fata mai kyau.

Na ce, "In anka cire, za shi koma yadda yake da?"

Ya ce yana sa rai, amma ba zai yi mini alkawari ba. Ya faɗa da taushi, don ya ɗauka roƙo nake yi. Ni kaina a lokacin ban san ko roƙo nake ko fargaba ba.

Sai rigimar sa hannu. Aka tambayi mai kan, ya ce, "Yadda kunka gani." Da an ce za a cire kan gaba ɗaya ma haka zai ce. Yaya Sidi ya tubure. Kai ba ƙwarya ba ce da za a fasa a ɗinke, shi bai taɓa ganin wanda aka buɗe wa kai ya dawo mutum ba. Dangi suka rabu biyu, wayata ba ta huta ba. Wata rana a harabar asibiti ya ja ni gefe, ya rage murya.

"Dije, ke kinka hi kowa shan wuyar yaron ga. Allah ya ba ki hutu. Shina ci, shina sha, shina salla. Ki bar shi hakanan mana. In anka taɓa shi ko dai shi mutu, ko shi tashi shi dawo maki da wuta cikin gida. Wanne kika so ciki?"

Ba da mugunta ya faɗa ba, tsoron rasa ƙanensa yake, kuma ya san inda zai taɓa ni. Na dubi Alhaji can a benci, ƙuda ya sauka a leɓensa bai kore shi ba.

Na ce, "Yaya, ni aure niy yi, ba ajiya anka ba ni ba. A yi aikin."

Ya yi fushi da ni kwana biyu, ranar ta uku ya zo ya sa hannu, kuma shi ya sayar da gonarsa ta fadama aka cika kuɗin aikin. Wannan ba zan manta masa ba, duk da abin da bakinsa ya yi daga baya. Aka ce a kawo masu ba da jini. Na yi zaton za mu sha wuya, sai ga 'yan layin hatsi sun cika mota sun zo, har da waɗanda ya kora daga rumfarsa ba sau ɗaya ba. Ɗaya ya ce mini kasuwa ta yi shiru da yawa, ba daɗi.

Aka ɗaga ranar aikin sau ɗaya, muka koma gida da kayanmu muka sake dawowa. Ranar da aka yi, da sassafe suka shiga da shi, an aske masa kai ƙwal. Ya bi su kamar za a kai shi aski na biyu. Muka shimfiɗa tabarma a inuwa, muka yi azahar a nan, muka yi la'asar a nan. Nafisa tana ta safa da marwa da goyo. Ni ban yi kuka ba, ban kuma iya cin komai ba, na zauna ina kallon tururuwa suna jan ɓawon gyaɗa. Rana ta yi sanyi sannan likita ya fito ya ce an cire duka, sai addu'a.

Jinya kuwa jinya ce, wanda ya yi ya sani. Kwanakin farko ta gilashi muke ganinsa, kai ya kumbura, idanu sun rufe, robobi ta ko'ina. Da aka dawo da shi ɗakin jama'a, na koma 'yar aike. A rubuto magani, a ce babu a nan, in fita waje in nemo, in dawo a ce an ƙara wani. Ƙafar da ta karye ta gane kurenta. Sauron asibiti ya ci ni ya ƙoshi. Akwai ma'aikaciyar jinyar da ke juya shi da kanta tana masa sannu kamar ubanta, Allah ya yi mata albarka, akwai kuma wadda idan kika kira ta sai kin ji kamar bashi kika zo nema. 'Yan dubiya suna zuwa da kulolin abincin da ba zai iya ci ba, su zauna su cinye a gabansa, su ce jiki ya yi kyau.

Ya buɗe ido, ya gane mu, yana amsa sannu da kai. Mako ya wuce, wani ya kama, shiru dai. Na fara cewa a raina wataƙila an cire ƙarin amma mutumin ya riga ya tafi. Sai wata hantsi, ina ba shi kunu da cokali, Yaya Sidi ya zo ya zauna a bakin gado, bai lura ba ya danne robar ƙarin ruwa. Na ga goshin Alhaji ya tattare a ƙarƙashin bandeji.

"Kai Sidi! Makaho kake? Tashi man bisa abu! Ke kuma wanga kunu na ko ruwan wanki?"

Muryar ta dishe, amma ita ce. Nafisa ta fasa kuka ta faɗa jikina. Yaya Sidi yana dariya hawaye na bin gemunsa. Masu jinyar gadon kusa suka saki baki suna kallon mutanen da ake zagi suna hamdala. Na yi murna, wallahi na yi. A daidai lokacin kuma na ji wuyana ya ƙage, a wurin nan da ya saba.

Aka sallame mu da buhun ƙwayoyi, har da na hana farfaɗiya da zai daɗe yana sha, da ranakun komawa. Jin ƙamshi bai dawo ba, likita ya ce kada mu jira shi. Idon hagu ya rage gani. Sauran kuwa ya dawo cif, har da gyara a watannin farko. Ya ga abin da ya faru da rumfarsa ya yi kamar zai haɗiye 'yan kasuwa. Ya ji an sayar da fadama ya yi wa Yaya Sidi tas, wa ya aike shi. Jikarsa kuwa ya ɗauke ta ya ce wannan mai kumatun ba za ta shiga ɗakinsa ba sai an ƙara sadaki, yana yi yana dariya har ɗinkin kansa yana motsi. Ni riguna suka koma yi mini yawa.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne bakin 'yan dubiya. Duk wanda ya zo, bayan ya jiki, sai ya ɗora nasa. Allah ya maido maka da haƙurin bara. Kai Alhaji, bara kam ka zama waliyyi. Wani dattijo ya ce masa ya yi ƙoƙari kada Hajjinsa ya zube. Yaya Sidi idan ya ji muryarsa ta tashi sai ya dube ni ya ce, "Dije tas so, Dije tas samu." Suna faɗa suna dariya, shi yana jinsu. Ya ce mini yana tuna shekarar sarai, amma kamar labarin wani da aka ba shi.

Wata safiya bayan wasu baƙi sun fita, na zo kwashe kofuna, na tarar ya zauna shiru. Gabana ya faɗi, don yanzu shirunsa tsoro yake ba ni. Amma wannan shirun daban ne, akwai mutum a cikinsa.

"Dije, zamna."

Na zauna.

"Kowa yaz zo sai shi yabi wancan. Tun da nike ba a taɓa yabo na hakanga ba, sai da ba ni nan." Ya juyo ya dube ni. "Ke hwa? Gaya man gaskiya. Wanne yah hi daɗin zama?"

Na yi tunanin yi masa ƙarya, an fasa masa kai bai daɗe ba. Amma ban sayar da zinarina don in dawo da mutumin da za a riƙa lallaɓawa ba.

Na ce, "Wancan yah hi daɗin zama, nesa ba kusa ba. Amma ba kowa ciki nai. Ni kaɗai nike gidanga."

Na ga abin ya taso masa. Jijiyar gefen kansa ta miƙe, kunnuwansa suka yi ja, bakinsa ya buɗe. Na gyara zama ina jiran saukarsa. Sai ya rufe bakin. Ya damƙe gefen tabarma da hannu biyu, yana numfashi kamar wanda ya ɗauko buhu daga mota, gumi ya keto masa a tabon goshi. Wannan ne karo na farko da na ga haƙuri a fuskarsa, kuma ba shi da kyan gani ko kaɗan.

Da ƙyar ya ce, "Ashe abin ga wuya gare shi."

Na ce, "Awo. Mu za ka tambaya."

Ya harare ni, ya sake damƙe tabarmar. Na kwashe kofunana na tafi.

Ya kai azahar bai yi faɗa ba. Ya ci abinci bai ce uffan ba, yana taunawa kamar da gayya. Ya kusa kai la'asar. Sai akuyar maƙwabta ta turo ƙofa ta sa baki a geron da na shanya, aka ji muryarsa har bakin titi, ya haɗa da akuyar da masu ita da wanda ya bar ƙofa a buɗe, wato ni. Na bar shi ya gama, na kawo masa ruwa da ƙwayarsa, ya karɓa bai dube ni ba.

Washegari da safe ya sake damƙe tabarmar, ya fara daga farko.